Sharhi kan ofishin da ke riƙe mini takardun tireloli a Kano

Duk mai tirela fiye da ɗaya a Najeriya ya san cewa sayen mota da neman direba sun fi sauƙi a kan riƙe tulin takardun da kowace mota ke yawo da su, domin kowace takarda da hukumar da ke bayar da ita, kuma kowacce da ranar da wa'adinta ke cika. A shekarun baya-bayan nan an samu ƙananan ofisoshi a Kano da suka mai da wannan ɗawainiya sana'arsu, suna karɓar kuɗin aiki na shekara, su kuma ɗauki alhakin rajistar kamfani da sabunta takardun motoci da miƙa bayanan haraji. Ina da tireloli shida da ke ɗaukar riɗi da zoɓo da waken suya daga Dawanau zuwa Legas, su dawo da kayan masarufi zuwa kasuwar Singa, kuma na damƙa wa ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi takarduna gaba ɗaya. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda zan faɗi inda ya gaza, kuma ma'aunin da zan auna shi da shi zai yi wa mai karatu amfani a kan kowane ofis irinsa. A ganina ofishin ya ƙware ƙwarai a kan abin da ya shafi mota da direba, yana da dama-dama a sha'anin haraji, sannan yana da rauni a daidai lokacin da mai mota ya fi buƙatar a ɗaga masa waya.

Ɗakuna biyu ne a saman bene, da ma'aikata kaɗan. Shugabansu dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kowa na ce masa Malam, sai wata Hajiya mai kula da lissafi, da samari biyu masu aikin kwamfuta da zirga-zirga tsakanin ma'aikatu. Abu na farko da suka nema shi ne in kawo kowace takarda da ke cikin kowace mota, har da waɗanda wa'adinsu ya wuce, ba su kuma yi maganar kuɗi ba sai da suka gama bincike. Suka buɗe wa kowace mota fayil, suka gwada lambar shasi da lambar inji da ke jikin ƙarfe da waɗanda ke rubuce a lasisin mota da shaidar mallaka da takardar kwastam, suka kuma aiko yaronsu gareji ya ɗauki hoton lambobin da kansa, domin ba su yarda da abin da direba zai karanto musu ta waya ba.

A wajen inshora na fara gane cewa mutanen nan sun san aikinsu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda kowa zai iya shigar da lambar mota ya ga ko akwai inshora ta gaskiya a kanta. Ɗaya daga cikin samarin ya jera takardun a gabansa yana shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya, ina zaune a gefensa ina kallon allon kwamfutar. Sunan kamfanin inshora da ranar ƙarewa suna ta fitowa, har ya kai kan wata tirela ƙirar DAF da na saya da takardunta daga hannun wani, sai allon ya nuna babu komai. Ya sake shigarwa a hankali, ya duba ko ya yi kuskuren harafi, sannan ya juyo ya ce, “Alhaji, wannan takardar kam ba ta da asali, wani ne ya buga ta a shagonsa.” Takardar tana da tambari da hatimi da sa hannu, kuma motar ta sha wuce shingaye da ita ba tare da kowa ya ce uffan ba. Malam ya yi mini bayanin cewa tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora, wato NAICOM, ta ƙayyade kuɗin inshorar kare haƙƙin wani na manyan motocin dako a kan naira 100,000 a shekara, wadda ke biyan diyyar ɓarnar da mota ta yi wa dukiyar wasu har naira miliyan 5, don haka duk ejan da ya ce zai samo ta a kan rabin wannan kuɗi, jabu zai kawo. Araha ba ta ado, musamman tun da 'yan sanda suka fara matsa lamba a kan wannan inshora daga 1 ga Fabrairun 2025. Ya ƙara da wani abu da yawancin masu motoci ba sa lura da shi, cewa wannan inshora ba ta biyan ko buhu ɗaya na kayan da ke bayan mota idan ta faɗi ko ta kama da wuta, kayan suna da tasu inshorar daban wadda ake yi wa lodi, kuma manyan 'yan kasuwa masu fitar da riɗi waje sukan nemi ganin ta kafin su ba da dako.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali game da su shi ne yadda suke raba kuɗin gwamnati da ladan aikinsu. Duk abin da aka biya hukuma, suna kawo rasit ɗinsa na asali mai lambar biya, su maƙala shi a fayil, su rubuta nasu kuɗin a wata takarda daban. Ko naira 1,000 da aka ɗora a 2023 don sabunta shaidar mallakar mota duk shekara, sai da na ga rasit ɗinta. Wanda ya saba da ejan na bakin ofishin lasisi, mai cewa “kawo kaza in haɗa maka komai”, zai gane girman wannan bambanci, domin a wancan tsari ba ka taɓa sanin nawa ya shiga asusun gwamnati, nawa ya tsaya a aljihu, ko ma an biya ɗin baki ɗaya. Ina ganin wannan ita ce jarrabawa ta farko da ya kamata a yi wa kowane ofis mai irin wannan aiki, kuma wanda ya fara kame-kame idan an nemi rasit, a tattara takardu a bar masa wurinsa.

Rajistar kamfani ba ta ɗauki dogon lokaci ba, kuma babu abin yabo na musamman a cikinta, tunda yanzu ta intanet ake yin komai a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Da sunan kasuwanci kawai nake aiki a da, suka ba ni shawarar in mai da shi cikakken kamfani, saboda dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai, kuma idan haɗari ya jawo shari'a, akwai bambanci tsakanin a kai ƙarar kamfani da a kai ƙarar mutum da gidansa da gonarsa. Takardar shaidar ta fito ɗauke da lambar biyan haraji, suka mayar da mallakar motocin zuwa sunan kamfanin ɗaya bayan ɗaya, suka kuma sa ranar miƙa bayanan shekara-shekara na CAC cikin jadawalinsu.

Wannan jadawali shi ne ƙashin bayan aikin nasu. Kowace tirela tana da lasisin mota da takardar shaidar lafiyar mota da jami'an VIO ke bayarwa bayan dubawa, da izinin dakon kaya, da inshora, da sitikun jiha, kuma da wuya ranakun ƙarewarsu su zo ɗaya. Idan aka ninka wannan sau shida, aka ƙara da lasisin direbobi mai wa'adin shekara uku ko biyar, za a ga cewa kusan babu watan da ba a sabunta wani abu. Suna aiko saƙo ta WhatsApp wata guda kafin ranar, su sake tunatarwa idan ta matso, kuma suna tambayar inda motar take, domin idan takarda za ta mutu alhali mota na kan layi a Legas, gara a sabunta ta kafin ta bar Kano. A hankali suka riƙa jawo ranakun kowace mota kusa da juna, ta yadda yanzu mota kan tsaya sau ɗaya a gama mata kusan komai. Tun da suka karɓi aikin ba a ci tarar motata ko ɗaya saboda takardar da wa'adinta ya wuce ba, kuma wannan kaɗai ya biya mini kuɗin da nake ba su.

Inda suka fi nuna ƙwarewa shi ne tsarin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta ƙaddamar a 2007 mai suna RTSSS, wanda ya wajabta wa duk mai motocin haya biyar ko fiye ya yi rajista da hukumar, ya kafa sashen kula da lafiyar tafiya, ya naɗa jami'in da zai shugabance shi, ya kuma buɗe ƙofa a zo a duba shi kafin a ba shi takardar shaida. Yawancin abokan sana'ata suna ɗauka cewa wannan doka ta manyan kamfanoni ce masu ɗaruruwan motoci, alhali da ka sayi ta biyar ka shiga cikinta. Binciken yana duba abubuwa uku, wato kamfanin kansa da motocinsa da direbobinsa, kuma a kowane ɓangare rubutacciyar shaida ake nema. Idan ka ce ana yi wa mota sabis a kan kari, za a ce ina littafin. Idan ka ce direbobinka sun samu horo kuma an gwada idanunsu, za a ce ina takardar asibiti da ta horon. Ofishin ya tsara mana littattafan, ya koya wa ƙanena da na naɗa a wannan matsayi yadda ake cike su, ya kuma dage cewa a rubuta gaskiya, ko da gaskiyar ita ce an yi jinkirin canza birki.

Kafin ranar duba ta hukuma, Malam ya zo garejinmu da kansa ya yi mana nasa binciken na gwaji, kuma na daɗe ban ga mutum mai tsantseni irin nasa ba. Ya zo da tocila da ɗan littafi, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a gefen kowace taya yana neman lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Ya nuna wa direban wata taya mai lamba 2319, ya ce an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, kuma tunda hukuma shekara huɗu take lissafa wa taya, wannan ta daɗe da mutuwa duk da cewa zanenta bai cinye ba. Ya duba allurar tukunyar kashe gobara ko tana kan kore, ya ƙirga alamun gargaɗi masu kusurwa uku, ya bi jikin bodi yana duba tef mai ƙyalli, ya sa a kunna fitilun baya da na birki yana tsaye yana kallo. Da ya zo kan na'urar ƙayyade gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya sanyawa daga 1 ga Fabrairun 2017, sai ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari ya zaro wata waya da aka cire aka naɗe da baƙin tef. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi direban, wanda ya girme wa 'ya'yansa kaɗan, ya ce, “Ɗana, kilomita 60 a awa shi ne iyakar gudun da doka ta ba tirela, kuma ranar da wani abu ya faru, wannan wayar za a fara dubawa, ba maigidanka kaɗai za a tambaya ba.” Direban ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya huci zuciyarka, Baba, za a mayar.” A wannan zuwan ne kuma ya gano cewa ɗaya daga cikin direbobin yana tuƙi da lasisin da bai kai na tirela ba, domin rukunin G ne na motoci masu jan bodi, kuma kamfanin inshora na iya fakewa da wannan ya ƙi biyan diyya. Suka bi masa matakan da suka dace har ya samu daidai, motar kuma ta zauna a hannun wani direban kafin lokacin.

Akwai wani ɓangare da ya kamata mai karatu ya rage buri a kansa, shi ne kuɗaɗen da ake karɓa a kan hanya. Tun 1998 dokar da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai iya karɓa ta haramta kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, kuma hukumar haɗin gwiwa ta masu tattara haraji ta ɓullo da sitika guda ta zirga-zirga tsakanin jihohi da kuɗin dako guda da ake biya a wurin lodi da wurin sauke kaya, duk da nufin a daina tatsar mota a kowace ƙaramar hukuma. Ofishin ya sama mana waɗannan, ya haɗa wa kowane direba jaka mai ɗauke da takardun a jere bisa yadda aka saba tambayarsu. Amma duk wanda ya taɓa bin tirela daga Kano ya ratsa ta Kaduna da Mokwa da Jebba har Ogere ya san cewa akwai masu tsayawa da sanda mai ƙusoshi da wata takarda da ba a taɓa jin sunanta ba, waɗanda ba ruwansu da abin da ke cikin jakar direba. Na yaba wa Malam da ya faɗa mini wannan tun ranar farko, ya ce shi takardun doka yake sayarwa, bai da iko da abin da ke faruwa a dajin da babu doka, kuma duk ofishin da ya yi mini alkawarin cewa ba za a ƙara tsayar da motata ba, yaudarata yake yi. Amfanin cikakkun takardu shi ne suna rage wa jami'in gaskiya dalilin riƙe mota, suna kuma ba direba ƙarfin gwiwar yin magana, kuma direbobina sun tabbatar mini cewa tsayuwarsu a shingayen hukuma ta ragu sosai. Kuɗin hanya da nake ba su kuwa bai ragu yadda na so ba.

Shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can wani babi ne daban. Tun Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta NPA ta kawo tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto, inda dole a yi wa mota rajista, ta cika sharuɗɗan lafiya na hukumar, ta jira a garejin da aka amince da shi har a kira ta, maimakon ta kafa layi a kan gada kamar yadda ake yi a da. Ofishin ya yi mana rajistar daidai, amma daga nan iliminsu ya tsaya, domin ba su da mutum a Legas, kuma abin da ke faruwa tsakanin garejin jira da ƙofar tasha yana buƙatar wanda ke tsaye a wurin. Sai da na nemi wani ejan daban a can, wanda hakan ya zama biyan kuɗi sau biyu a kan aiki ɗaya. Da sun faɗa mini iyakarsu a wannan fanni tun farko, kamar yadda suka yi a kan maganar shingaye, da ban riƙe su da komai ba, amma takardar tallarsu ta rubuta “harkar tashar jiragen ruwa” ba tare da wani bayani ba.

Haka ma maganar tsallaka iyaka. Nakan samu dakon kaya zuwa Maraɗi ta Jibiya, kuma tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake buɗe ta a Maris 2024, sannan Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, mai mota yana buƙatar wanda ke bin sauye-sauyen ƙa'idoji a kullum. Akwai kuma dokar nauyi ta ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, wadda aka kafa a 2005, da ta ƙayyade tan 51 ga tirela mai layin tayoyi shida, abin da ya saɓa wa yadda aka saba loda mota a Dawanau har sai bodi ya lanƙwasa. Ofishin ya ce kai tsaye ba ya wannan aiki, ya shawarce ni in nemi masu fiton kaya na bakin iyaka. Ban ji daɗi ba, amma na fi son wannan amsa a kan a karɓi kuɗina a koyi aiki a kaina.

A ɓangaren haraji, Hajiya tana da tsari kuma ba ta wasa da ranaku. Tana miƙa bayanan harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, kafin 21 ga kowane wata, tana tura harajin albashin ma'aikata ga hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha kafin 10 ga wata, tana kuma shirya lissafin shekara a kan lokaci, tunda wata shida doka ta ba kamfani bayan rufe shekararsa. Ita ce ta fahimtar da ni cewa a tsohon tsarin da dokar kuɗi ta 2019 ta kawo, kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba ne aka yafe wa harajin kamfani, kuma da jimillar kuɗin da ya shigo ake aunawa, ba da ribar da ta rage ba. Wannan ya shafi masu tirela sosai, domin kuɗin dako yana da yawa a ido alhali man gas da tayoyi da gyara sun cinye mafi yawansa, kuma wanda ba ya ajiye rasit ɗin waɗannan kashe-kashe zai biya haraji a kan ribar da bai ci ba. Ta sa kowane direba ya riƙa dawowa da rasit ɗin mai da na kanikawa a cikin ambulan, kuma duk da gunagunin da aka yi da farko, yanzu abin ya zama jiki.

Sai dai aikinta na cike takarda ne da miƙawa, ba ta cika hango abin da ke gaba ba. Manyan kamfanonin da nake yi wa dako suna cire wani kaso daga kuɗina su tura wa hukumar haraji da sunana, kuma wannan kaso ba asara ba ne, domin ana rage shi daga harajin da zan biya a ƙarshen shekara, matuƙar ya shiga ƙarƙashin lambar harajin kamfanina. Bayan an mai da kasuwancin kamfani, ofishin bai rubuta wa abokan cinikina ya sanar da su sabuwar lambar ba, sai wani daga cikinsu ya ci gaba da turawa da tsohuwar, ba a kuma gano ba sai da aka zo lissafin shekara. An gyara daga baya, bayan wasiƙu da zarya, amma aiki ne da ya kamata a ce yana cikin jerin abubuwan da ake yi a makon da aka canza rajista. Na kuma tambaye su yadda sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 don fara aiki da su, kuma suka sauya wa hukumar tattara haraji ta tarayya suna daga FIRS zuwa NRS, za su shafi kamfani mai girman nawa. Amsar da na samu ta gama-gari ce, irin wadda kowa zai iya ji a rediyo. Wanda ke da motoci goma ko ashirin, ko yake da bashin banki a kan motocinsa, ina ba shi shawarar ya bar wa irin wannan ofis takardun mota, ya nemi ƙwararren akanta mai lasisi ya riƙe masa haraji.

Babban ƙorafina shi ne lokacin aikinsu. Tirela ba ta san dare ko Lahadi ba, su kuwa suna rufewa da yamma, ranar Juma'a ma tun kafin a tafi masallaci, kuma lambar da suka ba mu ta gaggawa tana hannun yaro ɗaya ne. An taɓa tsayar da motata da daddare a wani gari a kan hanyar kudu, aka ce sai an ga asalin wata takarda da direban ke riƙe da kwafinta, asalin kuwa yana kulle a durowar ofishin. Na kira har na gaji ba a ɗaga ba, motar ta kwana a wurin da kayan mutane a kanta, direba da yaron mota suna gadi, mai kaya kuma yana kirana yana lissafa mini kuɗin jinkiri. Da safe Malam ya kira ya ba da haƙuri, ya yi magana da jami'an cikin ladabi da sanin doka har aka saki motar ba tare da an ci tara ba, wanda ya nuna cewa da an same shi tun daren, da abin bai kai haka ba. Bayan wannan suka ɗauki hoton dukkan takardu suka tura wa kowane direba a wayarsa, suka kuma mayar da asalin waɗanda doka ta ce su kasance cikin mota. Lambar gaggawar dai har yanzu sai an yi sa'a.

Akwai kuma wata al'ada tasu da ban amince da ita ba, wadda na ji ana yi a wasu ofisoshin ma. Da suka buɗe mini shafuka a CAC da hukumar haraji da tsarin Eto, da adireshin imel ɗin ofishinsu da lambar wayarsu suka yi rajistar, kalmomin sirrin kuma suna hannunsu. Ba na zarginsu da mugun nufi, sun ce hakan ya fi musu sauƙin aiki, amma ma'anarsa ita ce ranar da muka saɓa, ko ofishin ya rufe, ko yaron da ya san kalmomin ya bar aiki, kamfanina zai tsaya a ƙofar gidansa babu makulli. Da na nemi a mayar da komai kan lambata da imel ɗina, an ɗan ja ƙafa kafin a yi, kuma sai da na je na zauna aka canza su ɗaya bayan ɗaya a gabana.

Game da farashi, suna karɓar kuɗin shekara a kan kowace mota, wanda bai kai kuɗin sabuwar tayar tirela ɗaya ba, sai kuɗin lissafi da haraji da ake biya daban duk wata. Mai mota ɗaya da ke tuƙa abarsa ko yake zaune kusa da ita zai iya yin yawancin wannan da kansa, ko ya dogara da reshen ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da abokan sana'a don sanin abin da ya canza, ya biya ofis kuɗin aiki ɗaya kawai idan buƙata ta taso. Daga mota uku zuwa sama lissafin ya fara rinjaya zuwa ɓangarensu, daga biyar kuwa, inda binciken FRSC ya shigo, ban ga yadda ɗan kasuwa mai wasu harkokin zai riƙe wannan shi kaɗai ba.

Na sabunta yarjejeniyata da su, amma a wannan karon a rubuce, kuma na cire harkar Legas daga cikinta aka rage kuɗin daidai da haka. Na sa sharaɗin cewa lambar gaggawa za ta kasance a hannun mutum biyu, cewa duk shafin da za a buɗe da sunan kamfanina da lambata za a buɗe shi, kuma duk tarar da ta biyo bayan sakacinsu wajen sabunta takarda ko miƙa bayanai, su za su biya. Malam ya karanta, ya amince da na farko da na biyu nan take, ya nemi a ƙara a na ukun cewa banda inda suka tunatar da ni a kan lokaci ni kuma na yi jinkirin turo kuɗi ko kawo mota, na ga maganarsa a kan hanya take, aka rubuta haka muka sa hannu. Harajin kamfani na shekara mai zuwa kuwa na riga na miƙa shi ga wani akanta daban, Hajiya za ta ci gaba da riƙe na wata-wata da rasit ɗin direbobi.